Kasuwa Ta Koma Cikin Waya: Su Wa Aka Bari A Baya?

Iyakar Nijar da Najeriya ta kai tsawon kimanin kilomita 1,500, tun daga wajajen Gaya har zuwa tafkin Cadi. A kan wannan iyaka ne manyan kasuwanninmu suke fuskantar juna: Ƙonni da Illela, Ɗan Isa da Jibiya, Ɗan Barto da Kwangwalam, sai kuma Maigatari inda ake hada-hadar bisashe kowace Alhamis. Shekaru ashirin da ƴan kai da suka wuce, jarin ɗan kasuwa a waɗannan wurare shi ne kuɗi a lalita, da amana, da sanin mutane. Yau an samu ƙari na huɗu, wato waya. Farashi yana cikinta, biyan kuɗi yana cikinta, har jarrabawar yaranmu ta fara komawa cikin na'ura. Tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce, a cikin wannan tafiya su wa aka ɗauka, su wa kuma aka bari a tasha?

Amfanin da aka fara gani

Wayar salula ta shigo ƙasashen biyu kusan lokaci ɗaya. A shekarar 2001 ne kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki a Najeriya, a wannan shekarar kuma Celtel ya buɗe a Yamai, wanda daga baya ya koma Zain, sannan Airtel. Kafin nan, mai son sanin kuɗin buhun gero a Damagaram ko a Dawanau ta Kano sai dai ya hau mota da kansa, ko ya jira direba ya dawo da labarin da ya riga ya kwana biyu.

Wata masaniyar tattalin arziki ƴar ƙasar Amurka, Jenny Aker, ta bi diddigin kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006. Abin da ta gano shi ne, duk inda rezo ya isa, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalili kuwa a fili yake. Ɗan kasuwa na iya kiran garuruwa biyar kafin ya yi lodi, sai ya kai kaya inda ake buƙatarsu, ba inda suka riga suka yi yawa ba. A wancan zamani ƴar ƙaramar waya ta wadatar, kuma ba ta neman boko. Ka iya danna lamba, ka iya magana, shi ke nan.

Abin da ya canza shi ne, yau magana kaɗai ba ta isa. Hoton kaya ake turawa, a tura kuɗi, a duba saƙo, a cika takarda ta intanet. A nan ne rata ta sake buɗewa.

Shinge huɗu

Shingen farko shi ne rezo, ko sabis kamar yadda ƴan'uwanmu na Najeriya ke faɗa. A Maraɗi ko Ƙonni mutum zai kalli bidiyo a wayarsa, amma ya yi tafiyar awa ɗaya cikin karkara sai ya tarar ana hawa tudu ko bishiya don a yi kira. Alƙaluman Bankin Duniya na ƴan shekarun nan sun nuna cewa masu amfani da intanet a Nijar ba su kai mutum ɗaya cikin huɗu ba, kuma mafi yawansu a birane suke.

Na biyu wutar lantarki. Kimanin kashi 20 cikin ɗari na jama'ar Nijar ne ke da ita, a karkara kuwa abin ya yi ƙasa da haka sosai. Shi ya sa sana'ar cajin waya da janareto ko farantin sola ta zama ruwan dare a kowace kasuwar ƙauye. Mun kuma ga yadda abin yake da rauni a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar saboda takunkumin CEDEAO, wutar da a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na wadda ƙasar ke sha. Sai a watan Maris na 2024 aka maido ta.

Na uku kuɗi. Babbar waya, ko da ta hannu ce, jari ce guda ga mai tallan goro ko mai sayar da tiya biyu ta wake. Bayan sayenta kuma ga kati, ga data, ga caji. Ɗan kasuwar iyaka ma nasa nauyin biyu ne, domin dole ya riƙe layin Nijar da na Najeriya, ya ciyar da kowanne.

Na huɗu, wanda ya fi sauran tsawo, shi ne karatu da harshe. Manya masu iya karatu da rubutu na boko a Nijar ba su kai huɗu cikin goma ba. Wayar kuwa Faransanci take yi a wannan gefe, Ingilishi a wancan. Alhaji na iya lissafin tirela guda ta albasar Galmi a ka ba tare da ya ɓatar da dala ɗaya ba, yana kuma iya rubuta bashinsa da ajami, amma in saƙon banki ya shigo sai ya nemi yaro ya karanta masa. Saƙon murya na WhatsApp ya rage wannan matsala ta fuskar ciniki, sai dai banki ba ya turo saƙon murya.

Duk waɗannan shingaye sun fi tsawo a gaban mata. Ƙungiyar kamfanonin salula ta duniya, GSMA, ta sha nuna cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara mata na bayan maza da kusan kashi 30 cikin ɗari wajen amfani da intanet ta waya. Mai ƙuli-ƙuli da mai tabarma da mai kiwon awaki a cikin gida, da yawansu da wayar miji ko ta ɗa suke ciniki, wanda ke nufin sirrin jarinsu ba a hannunsu yake ba.

Darasin canjin naira

Wanda ke ganin wannan magana ta ƴan boko ce, to ya tuna da farkon shekarar 2023. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya ba da sanarwar sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka kuma sa wa'adin 31 ga Janairu don maida tsofaffin kuɗi banki, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Sababbin kuɗin ba su wadata ba. Tsabar kuɗi ta ɓace a kasuwa, aka ce kowa ya koma taransifa.

A wannan lokaci ne aka ga bambanci ƙiri-ƙiri. Mai asusu da babbar waya ya ci gaba da saye da sayarwa. Makiyayin da ya koro shanu zuwa Maigatari, wanda bai taɓa shiga banki ba, ya rasa inda zai karɓi kuɗinsa. Wasu sun karyar da dabba ga duk wanda ke da tsaba, wasu sun karɓa ta asusun dillali suka zauna jiran tsammani. Ƴan kasuwar Nijar da ke ajiye naira a gida su ma sun ji jiki, domin galibinsu ba su da asusu a Najeriya, buɗe shi kuma sai da lambar BVN. Masu POS suka riƙa cire la'ada mai tsanani, har ta kai mutum na sayen kuɗinsa da kuɗinsa. Sai a ranar 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukuncin a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun, amma kafin nan jari da dama ya karye.

Tun daga wannan lokaci taransifa ta zauna daram. OPay da Moniepoint a wancan gefe, Nita da Amana da Al Izza a wannan gefe, sun zama abokan ciniki na kullum. Alheri ne, domin ya rage ɗaukar kuɗi a hanyoyin da ɓarayi ke tarewa. Amma ya zo da nasa ɓarayin. Akwai saƙon bogi da ke nuna kuɗi sun shigo alhali ba su shigo ba. Akwai masu kira su ce daga banki ko kamfanin waya suke, su nemi lambar sirri. Akwai kuma yaron shago da ya san lambar sirrin maigida saboda shi ke danna masa. Wanda bai iya karatu ba shi ne farkon wanda ake farauta.

Shi kansa layin waya ba tabbas gare shi ba. Tun watan Disamban 2020 Najeriya ta wajabta haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN, a watan Afrilun 2022 kuma aka hana miliyoyin layuka yin kira. A watan Satumban 2021 an kashe sabis baki ɗaya a jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato saboda matsalar ƴan bindiga, ciki har da Jibiya. Makonni aka yi ciniki na tafiya a makance.

Makaranta: inda ratar ke zama gado

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yadda wannan rata ke sauka kan yara. A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa an rufe makarantu a ƙasashen biyu. A Nijar an koma aji a farkon Yuni, a Najeriya kuwa sai wajen ƙarshen shekara. Ɗan mai hali a Yamai ko Kano ya ci gaba da karɓar darasi ta waya da kwamfuta. Ɗan ƙauye, in ya yi sa'a, ya saurari darasi ta rediyo, in bai yi ba ya koma gona da kiwo, wasu kuma daga nan ba su sake komawa lakwal ba.

Iyalai da yawa na iyaka suna da ƴaƴa a makarantun Najeriya. To tun shekarar 2015 jarrabawar shiga jami'a ta JAMB da kwamfuta kaɗai ake yin ta, kuma tun 2021 ba a rajista sai da lambar NIN. Yaron da ya yi shekara shida a sakandaren ƙauye, wanda a allo aka zana masa hoton kwamfuta, ranar jarrabawa ce zai fara ɗora hannu a kanta, agogo kuma na tafiya. Kusa da shi ga ɗan birni da ya saba da ita tun yana firamare. Takarda ɗaya aka ba su, amma ba daga wuri ɗaya suka taso ba. In ya faɗi sai a ce ba shi da ƙoƙari.

Abin da ake yi

Ba a zauna haka nan ba. A shekarar 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 don wani shiri na kai rezo da hidimomin kuɗi ta waya ga ƙauyukan Nijar fiye da 2,000, ƙarƙashin hukumar ANSI. Bankin Raya Afirka ya zuba kuɗi a aikin shimfiɗa igiyar intanet ta ƙarƙashin ƙasa mai tsawon fiye da kilomita 1,000, wadda reshe ɗaya nata ya bi ta Damagaram da Magariya zuwa iyakar Najeriya. Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam, ya fara aiki a Najeriya a 2023, a Nijar kuma a 2025, sai dai kayansa sun fi ƙarfin mutum ɗaya na ƙauye. A 2025 ɗin kuma dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, abin da ya ba jama'a hujjar neman kamfanonin waya da na tura kuɗi su riƙa yi musu magana da harshen da suke ji.

Igiya da turke suna kawo rezo, amma ba sa koya wa mutum karatu. A nan akwai darasi daga jihohin Doso da Damagaram, inda a 2009 da 2010 aka gwada haɗa yaƙi da jahilci na manya da koyon amfani da ƙaramar waya. Waɗanda aka koyar da waya sun fi takwarorinsu ci a karatu da lissafi, domin sun samu abin da za su riƙa gwada iliminsu da shi kowace rana. Rediyon al'umma ma, wanda aka fara kafawa a Bankilare a 1999 kafin ya bazu a faɗin ƙasa, har gobe shi ne ke kai farashin kasuwanni da faɗakarwa inda intanet bai isa ba.

Namu aikin

Masu iya magana sun ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai, don haka kada mu jira gwamnati ta yi komai da komai. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa na da ƙarfin da za su kafa rumfa ɗaya a kowace babbar kasuwa, mai sola da ƴan kwamfutoci, inda dattijo zai koyi duba asusunsa da safe, ɗalibi kuma ya gwada hannunsa da yamma. Kuɗin da ake tarawa don biki ko tarbar baƙi zai iya ɗaukar wannan. A ware wa mata nasu lokaci da tasu malama.

Kafin nan kuma, ɗan'uwa ɗan kasuwa, ka riƙe abu uku. Kada ka saki kaya don an nuna maka saƙo a wayar mai saye, sai ka ga kuɗin sun ƙaru a naka asusun. Kada ka faɗa wa kowa lambar sirrinka, ko da ya rantse daga banki yake. Ka kuma yi rajistar layinka da asusunka da sunanka, domin ranar rigima mai suna a takarda shi ne mai kuɗi. Koyon lambobi goma da ƴan kalmomin da ke cikin saƙon banki ba zai ci wata guda ba, kuma gemu ba ya hana ilimi. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mana dukiya da zuriya.