Gudun Jirgin Ruwa Mai Inji: Maganganun Bakin Mashiga da Gaskiyar Cikinsu

Duk mashigar da jirage masu inji ke lodi, daga Yauri da Warra a bakin tafkin Kainji har zuwa Baga a tafkin Chadi, ba a rasa masu dabarar ƙara wa inji gudu. Wani ya ce a jefa ƙwayar kafur a tanki. Wani ya ce a nemo man jirgin sama. Wani ya rantse tun da ya cire tamosta injinsa ya warware. Mafi rinjaye kuwa, maganarsu ɗaya ce: a ɗaura babbar farfela. Daga lokacin da aka janye tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, zancen ya ƙara zafi, domin kowane matuƙi so yake ya yi sawu da yawa da mai kaɗan. A cikin maganganun nan akwai na banza, akwai masu ɗan ƙamshin gaskiya, akwai kuma masu kashe inji.

A fara da abin da ake zubawa a tanki, don nan ne aka fi asarar kuɗi. Man jirgin sama da duk wani fetur mai lambar oktan babba ba ya ɗauke da ƙarfin da ya fi na fetur ɗin gidan mai. Abin da lambar oktan ke nunawa shi ne juriyar man, wato yadda zai daure matsi ba tare da ya kama da wuta kafin lokacinsa ba. Injin da aka ƙera da matsi mai yawa yana buƙatar irin wannan man. Injinan da aka fi gani a ruwayenmu, irin su Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 ko 40, masu matsi ne kaɗan, an yi su ne don su sha fetur na yau da kullum a ƙauyen da babu gidan mai. Ka ba su man jirgin sama, ba za su ƙara juyi ko ɗaya ba, sai dai dalmar da ke cikinsa ta bi fulogi ta daskare. Kafur ma haka: ba ya ƙara ƙarfi, abin da yake bari shi ne dauɗa a kafireto da baƙin toka a kan fulogi.

Kananzir kuwa labarinsa daban ne, kuma na ga inda ruɗanin ya samo asali. Da gaske akwai injinan jirgin ruwa masu shan kananzir. Yamaha na ƙera su, lambarsu na farawa da EK, kuma masunta a Indiya da Sri Lanka suna aiki da su. Amma tun daga masana'anta aka tsara su haka, suna tashi da fetur sannan su koma kananzir. Wanda ya surka kananzir a injin fetur, ƙonewar man za ta riƙa zuwa ba a kan ƙa'ida ba, fistin ya yi ta shan duka har ya huje.

Sai masu rage baƙin mai wai don inji ya yi sauƙi. Injin da ake haɗa masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya ba shi da wata hanyar samun maiƙo sai wannan haɗin. Ma'aunin da aka fi sani shi ne 50 da 1, wato tankin lita 25 ya sha rabin lita, sabon inji kuma a ninka masa a awanninsa na farko. Man da ya dace shi ne wanda aka rubuta TC-W3 a jikin robarsa, ba na mota ba. Rage shi ba ya ƙara gudun da za a iya aunawa. Abin da yake ƙarawa shi ne zafi, kuma ƙarshensa nokin a tsakiyar ruwa da fasinja cike da jirgi. Cire tamosta ma ba ya kawo gudu. Injin da ke aiki a sanyaye ba ya ƙone mai yadda ya kamata, toka ta taru ta riƙe ringi. Idan inji na zafi, 'yar robar famfon ruwa za a duba, da ramukan da ke zuƙar ruwa a ƙasan ƙafar injin, waɗanda yashi da ciyawa ke toshewa.

Farfela ita ce wurin da ya cancanci a zauna. A jikin kowace farfela akwai lamba biyu, misali 11 1/8 x 13. Ta farko faɗinta ne a inci. Ta biyu takunta ne: nisan da za ta ci gaba a juyi ɗaya da a ce ruwa bai zame mata ba. Ɗauki injin doki 40 da ke juyi 5,000 a minti, giyarsa kuma tana raba juyin biyu. Farfela na juyi 2,500 ke nan. A ninka da inci 13, a kan takarda jirgin zai yi kusan kilomita 50 a awa. Ruwa ba ya yarda da lissafin takarda. Ko a ƙaramin jirgi mara nauyi, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zamewa, a jirgin katako mai buhunan shinkafa da babura kuwa abin da ke zamewa ya ninka haka nesa ba kusa ba.

To, mai cewa farfela mai dogon taku ta fi gudu bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, sai dai ya bar rabin maganar. Taku kamar giyar mota yake: babbar giya ta fi gudu a shimfiɗaɗɗen titi, amma sa ta a hawan Dutsen Kwatarkwashi da lodi ka ga yadda mota za ta yi nishi. Kowane inci ɗaya da aka ƙara a taku yana rage juyin inji da kimanin 150 zuwa 200 a minti. Kowane inji kuma yana da iyakar juyin da ya kamata ya kai idan an buɗe totur gaba ɗaya. Ga yawancin waɗannan injinan, tsakanin 4,500 ne da 5,500. A can ne dokinsa 40 suke cika. Idan aka ɗaura masa farfelar da ta danne shi ya tsaya a 3,800, ba doki 40 yake bayarwa ba. Gudu ya ragu, shan mai ya ƙaru, zafi ya taru a kan fistin. Matuƙi yana jin muryar injin ta yi kauri, yana cewa ƙarfi ne, alhali wahala ce. Akasin haka ma ɓarna ce: taku ya yi gajere, inji ya wuce iyakarsa yana kururuwa, jirgi bai tafi ko'ina ba.

Abin da ke raba wannan gardama ɗan agogon auna juyin inji ne, wanda ake naɗa wayarsa a jikin wayar fulogi. Kuɗinsa bai kai na farfela guda ba, amma da wuya ka gan shi a mashiga. A ɗora wa jirgi irin lodin da ya saba ɗauka, a buɗe totur, a karanta. In juyin ya gaza, a rage taku. In ya wuce, a ƙara. Jirgin da ke ɗaukar kaya ranar kasuwa ya koma fanko washegari, a gaskiya farfela biyu yake buƙata, kuma sauya ta aikin minti goma ne da sifana da filaya.

Ana kuma cewa farfelar ƙarfe mara tsatsa ta fi ta alminiyom gudu. Wannan gaskiya ne, amma kaɗan: fukafukanta sun fi siranta kuma ba sa lanƙwasa idan aka matsa musu. Sai dai a ruwa irin na Kainji, wanda ya shanye dazuzzuka da garuruwa bayan kammala dam ɗin a 1968, har yau kututture na nan a ƙarƙashi. Alminiyom idan ta daki kututture, ita ce ke karyewa ko ta lanƙwashe. Ƙarfe ba ya bayarwa, sai ya tura dukan zuwa sandar farfela da haƙoran giya, inda gyara ya fi tsada sau da yawa. Ni dai a irin wannan ruwan alminiyom zan zaɓa, in ajiye ta biyu a cikin jirgi. Farfela mai fiffike huɗu ta fi riƙo da jan kaya, mai uku kan ɗan fi ta a ƙarshen gudu. Wadda bakinta ya tsattsage ko aka buga da guduma aka miƙe a ido, tana cin gudu fiye da duk abin da kafur zai yi alkawari, kuma karkarwarta na cinye roba mai tare man giya.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace tsada: wai in ka ninka ƙarfin inji, ka ninka gudu. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, kuma jiragen ruwa iri biyu ne a wajen mu'amala da shi. Akwai mai keta ruwa yana ture shi gefe, kamar dogayen jiragenmu na katako idan sun yi lodi. Akwai mai ɗagowa ya hau saman ruwa yana sulɓi, kamar ƙananan jiragen roba na jami'an tsaro. Mai keta ruwa yana tayar da igiyar ruwa a goshinsa, kuma yayin da gudu ke ƙaruwa igiyar na ƙara tsawo, har ta kai tsawon jirgin kansa. Daga nan jirgi ya zauna a cikin kwarin da ya haƙa, gindi ya nutse, goshi ya ɗaga, duk ƙarfin da aka ƙara ya tafi wajen tara ruwa. Wani injiniyan Ingila, William Froude, shi ya yi nazarin wannan a ƙarni na 19. Bisa lissafin da aka saba, jirgi mai tsawon mita 10 a ruwa iyakarsa na kusa da kilomita 14 a awa, mai mita 16 kuma kusan 18. Dogon jirgi siriri kan ɗan zarce wannan, shi ya sa maƙeran jirage na bakin Neja, ba tare da sun karanta Froude ba, suke yin nasu dogaye masu tsini.

Saboda haka wanda ya ɗaura inji na biyu mai doki 40 a irin wannan jirgi, ko a lissafi mafi sassauci abin da zai samu ƙarin kusan kashi 25 ne cikin 100, sau da yawa ma bai kai ba. Mai kuwa ninki zai sha, kuma injin doki 40 guda ɗaya a cikakken totur yana shan kusan lita 20 a awa. Ko jirgin da ke hawa saman ruwa, ninka ƙarfi ƙarin kimanin kashi 40 yake bayarwa. (Wanda ke riƙe da kambun gudu a kan ruwa, Ken Warby na Ostareliya, ya yi kilomita 511 a awa a 1978, amma injin jirgin sama ya ɗaura a jirgin da ya ƙera a bayan gidansa, kuma tun daga lokacin mutum biyu sun mutu wajen neman karya tarihin.) Ga jirgin lodi, sassauta totur zuwa kashi uku cikin huɗu kan rage gudu kaɗan, ya rage shan mai sosai.

Akwai jita-jita ɗaya da ke da tushe: cewa ana iya buɗe ƙaramin inji ya zama babba. Masu ƙera inji kan yi amfani da gangar inji ɗaya su fitar da ƙarfi biyu. Yamaha mai doki 9.9 da mai 15, na haɗin mai, duka cc 246 ne, bambancin yana wajen yawan iska da man da aka bari su shiga. Makaniken da ya san aikinsa zai iya sauya kayan ya kusantar da na farko zuwa na biyu. Amma wannan bai shafi kowane inji ba. Mai doki 40 ba zai zama 60 don an huda jet ɗin kafireto da allura ba. Mai kawai zai riƙa malala, fulogi ya jiƙe, hayaƙi ya turnuƙe.

Abubuwan da ke ƙara gudu da gaske ba su da daɗin hira. A ƙasan ƙafar inji, saman farfela, akwai wani faffaɗan faranti. Ya kamata ya yi daidai da ƙasan jirgi. Idan inji mai doguwar ƙafa, inci 20, ya hau jirgin da ke buƙatar mai inci 15, ƙarfen da ya nutse a banza jan baya yake yi. A ɗaga shi da katako mai ƙwari a samu gudu nan take. A wuce gona da iri kuma, farfela ta shaƙi iska ta yi ta juyi a banza, ruwan sanyaya inji ya yanke, don haka ido na kan ɗan fitsarin ruwan da inji ke fesowa ta baya. Ramukan fil ɗin da ke saita kwanciyar inji ma a gwada su ɗaya bayan ɗaya: in ƙafa ta matso jikin jirgi da yawa goshi ya dulmiya, in ta yi nisa goshi ya yi ta tsalle. Sai gansakukar da ta kama ƙasan jirgi, da kainuwa ko tsohuwar koma da ta naɗe farfela, da ruwan da ya taru a ciki. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Jirgin da ke ɗauke da ruwa lita 200 a ƙarƙashin katakon zama yana jan nauyin manya uku da ba su biya kuɗin jirgi ba. Kaya kuma a baje su, kada a tara a gindi inda inji da tanki da matuƙi suka riga suka danne.

Masu cewa inji ya fi ƙarfi da asuba ba camfi suke yi ba. Iska mai sanyi ta fi mai zafi cika, inji na samun abin ƙona mai da yawa, don haka gwajin safe da na azahar ba za su zo ɗaya ba. Haka wanda ya auna gudunsa yana gangarowa da ruwa, kogi ne ya ara masa. Wayar hannu mai GPS ta isa awo, amma a yi tafi da dawowa a wuri ɗaya, a raba biyu, a kuma sauya abu ɗaya kawai a kowane gwaji.

Babban inji kuma yana da wani hatsarin da ba a cika faɗa ba. Katakon gindin jirgi ne ke ɗaukar nauyinsa da turinsa duka, kuma tsohon jirgin da ƙusoshinsa suka ci tsatsa bai san an sauya masa inji ba. Hatsarin da ya faru kusa da Warra a jihar Kebbi a watan Mayun 2021, da na Bagwai a jihar Kano a Nuwamban shekarar, hukumomi sun ɗora su ne a kan lodin da ya wuce kima. Jirgin da bakinsa ya kusa taɓa ruwa, idan aka ƙara masa gudu, igiyar goshinsa na ƙara tsayi, kwana kuma na ƙara karkatar da shi, dukan kututture kuwa a ninkin gudu ƙarfinsa ninki huɗu ne.