Samanja Ya Sake Shigowa Tsakar Gida

A wannan mako labarin wani tsohon baƙo na kawo muku, wanda da yawa cikinku kun san shi tun kuna goye da ƙannenku, watau Samanja Mazan Fama.

Kwanan baya na je Birnin Gwari gaishe da wata yayata. Bayan sallar lisha muna zaune a tsakar gida, sai jikarta, yarinya 'yar aji biyu a sakandare, ta zo da waya ta durƙusa ta ce, "Iya, ga wani soja na samu a nan, an ce wai kin san shi." Muryar na fitowa sai yayata ta ajiye carbi. Ta yi ta dariya har tana share hawaye da bakin mayafi. Yarinyar kuwa ta zuba mana ido kawai. Can sai ta ce, "Iya, soja ne fa. Ashe ana yi wa soja dariya?" Wannan tambaya ita ta hana ni barci a daren nan, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami.

Ke 'yar makaranta da ba ki riske shi ba, bari in gaya miki ko wane ne. Sunansa na gaskiya Alhaji Usman Baba Pategi. Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi ta jihar Kwara, an haife shi a 1942. Ya yi aikin soja na gaske, ya kuma yi aiki a gidan rediyon Kaduna. Kalmar samanja kuwa muƙami ne na soja, shi ne babba cikin ƙananan hafsoshi, mai tsawa a filin fareti. A shekarun 1970 da 1980 wasan nan ya cika Arewa, a rediyo da telebijin. Allah ya yi masa rasuwa a Kaduna ran 12 ga Nuwamba, 2023, yana da shekara 81. Allah ya jiƙansa.

Gidan telebijin na Kaduna tun 1962 aka buɗe shi, zamanin Sardauna, sa'an nan a 1977 aka haɗa gidajen telebijin na ƙasa duka aka kira su NTA. Amma fa kada ki zaci ko wane gida yana da akwati. A unguwarmu gida ɗaya ne tak. An kafa doguwar eriya bisa gora, gama tsakaninmu da Kaduna ya fi kilomita 100, hoton kuwa baƙi da fari, wani lokaci sai ka ce ana yayyafi cikin akwatin. In ya ɓace, sai a tura yaro ya juya gorar, mu kuwa muna ihu, "Ya yi! Ya yi! Kai, ka wuce!" Yara a gaba bisa tabarma, mata a baya, matar gidan ta sha wahalar share ɓawon gyaɗa da safe. Ban taɓa jin ta kore mu ba.

Da na sake kallonsa yanzu da furfura a kaina, sai na ga abin da ya shige mini a da. A yarinta bakinsa kawai muke bi, yadda yake cakuɗa Hausa da Turancin bariki, ya karya wannan ya murɗe wancan, yana zare ido. Ashe da gangan yake yi, kuma aiki ne mai wuya. Bariki wuri ne da Bahaushe da Tibi da Bayarabe da Banufe suke zama ɗaki kusa da ɗaki, matansu suna ɗiban ruwa a famfo ɗaya, to, harshen da suke sasantawa da shi ke nan ya ɗauko ya kawo mana har tsakar gida. Ku tuna kuma ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, wanda aka yi daga 1967 zuwa 1970. Mutane na ganin mai kaki sai gabansu ya faɗi. Samanja ya nuna musu soja yana da mata, yana da maƙwabta, albashinsa kan ƙare kafin wata ya mutu kamar na kowa. Ga Mutuwa Dole nan a gefe, ga kuma matarsa Bariki, wadda ni dai ita ce tawa. Mutumin da rundunar maza ke ƙamewa in ya yi tsawa, ya dawo gida a mayar masa da magana, nan ne dariyar uwayenmu take, kuma sai yanzu na gane dalili.

Ba zan ce muku kome nasa ya yi mini daɗi a wannan karo ba. Akwai tsawar da a da muke ɗauka wasa ce, yanzu kuwa ba zan so ɗana ya koya ya yi wa matarsa ba. In kina kallo da yaranki maza, ki faɗa musu haka a take, kada ki bari sai gobe.

To, mu koma ga tambayar yarinyar nan. Laifinta ne? Ita tun da ta yi wayo, abin da ta sani game da bindiga shi ne labarin hanyar Kaduna, ta Buruku da Udawa, inda aka yi shekaru mutane ba su bi sai da addu'a, wani lokaci sai da rakiyar soja. Dajin Kamuku, wanda gwamnati ta mayar gandun daji na ƙasa a 1999, mu mun san shi da namun daji, ita kuwa ta san shi da 'yan bindiga. A ƙarshen watan Satumba na 2021 har layin waya aka yanke a yankin, aka yi kusan wata biyu ba a jin kowa. A ƙarshen 2024 aka yi sulhu aka sake buɗe kasuwar shanu ta garin bayan shekaru a rufe. Amma yarinyar da ta girma ana kulle ƙofa tun magariba, ina ta ga taron kallo a gidan maƙwabta? Ina ta ga dandali?

Daren nan mun kalli guntu uku a jere. A na biyu ta fara murmushi, a na uku har tana kwaikwayon tafiyarsa, ƙannenta na bin ta a baya suna ƙamewa. Maƙwabciya ta jiyo hayaniya ta leƙo, ita ma ta zauna.

Sai dai akwai abin da ya dame ni. Abin da ake samu a YouTube guntaye ne, hoto ya dusashe, wani ba farko, wani ba ƙarshe. Haka su Karambana da Gidan Kashe Ahu, inda marigayi Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, ya yi suna. Kaset ba ya jure zafi da laima, kuma a da gidajen telebijin kan goge tsohon shiri su ɗauki sabo a kansa. Ko BBC ta Ingila ta yi wannan ɓarna. Abin mamaki kuwa, a 2013 aka ba da sanarwar an gano kashi 9 na wani wasansu mai suna Doctor Who da suka ɓace musu, a wani ɗakin ajiya na gidan telebijin a Jos. Turawa sun zo har ƙasarmu sun tono nasu.

Saboda haka, uwargida, in akwai tsohon kaset na bidiyo ko na rediyo a ƙasan akwatin maigida, kada ki ba yara su zare shi su yi wasa. Ki ajiye shi inda ba rana ba laima, in an sami mai zuwa Kaduna a kai wa masu juye shi cikin kwamfuta. Ke kuma 'yar makaranta, ki ɗauki littafi ki zauna gaban kakarki, ki tambaye ta wane wasa ta fi tunawa, a gidan wa suke kallo, su wa ke zama kusa da ita. Ki rubuta ki aiko wa wannan fili, za mu buga.