Riƙon Maraya: Hanyar da Mai Niyya Zai Bi Ya Sadu da Yaron da Ke Jira

A kowace shekara ofishin wannan gidauniya na karɓar baƙuncin bayin Allah da ke son ɗaukar maraya su riƙe, amma ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. Wasu Allah bai ba su haihuwa ba, wasu kuwa lada suke nema. Wannan bayani dominsu ne, da kuma kwamitocin masallatai, waɗanda su ake fara tuntuɓa.

Da farko, wajibi ne a bambance kafala da tabanni. Tabanni shi ne mutum ya jingina wa kansa ɗan wani, ya ba shi sunansa da gadonsa, kuma Musulunci ya soke shi a aya ta 4 da ta 5 ta Suratul Ahzab, inda Zaidu ya koma amsa sunan mahaifinsa Harisa. Kafala kuwa ita ce ci da sha da tufafi da ilimi da tarbiyya, ba tare da an taɓa nasabar yaro ba. Ɗan riƙo ba ya gadon mariƙinsa, amma ana iya yi masa kyauta tun ana raye, ko wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiya ba.

Ina yaran suke? Da yawansu ba a gidan marayu suke ba, suna hannun uwayensu ko kakanninsu a cikin unguwanninmu. Irin wannan yaro ba sabon gida yake bukata ba. Kafalarsa ita ce a ɗauke wa uwarsa nauyin abinci da makaranta da magani, a bar shi a ɗakinta. Nan ne aikin kwamitin masallaci yake: ya rubuta sunayensu bisa shaidar liman da mai unguwa, ya miƙa mana, mu haɗa su da mai niyya. A lura cewa maraici shi kaɗai ba ya cikin kaso takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata. Maraya na cin zakka ne idan mabukaci ne. Kuɗin wakafi kuwa ana bin sharaɗin wanda ya bayar.

Kashi na biyu su ne tsintattu da waɗanda ba a san danginsu ba, da ke zaune a gidajen gwamnati irin Gidan Yara na Nassarawa a Kano. Waɗannan ba mu da ikon miƙa su ga kowa. Mai niyya zai rubuta takardar nema ga ma'aikatar harkokin mata da walwalar jama'a ta jiharsa. Jami'an jin daɗin jama'a za su bincika halinsa da sana'arsa da lafiyarsa, su ziyarci gidan, su ji ta bakin matar gida, domin ita ce za ta yi renon. Bayan haka ne hukuma ke ba da izini a rubuce, kuma ta ci gaba da bibiyar halin da yaron ke ciki.

Wajen haɗawa, maslahar yaro ake dubawa kafin burin mai nema. Ba a son raba wa da ƙani. Idan jariri ne, shayar da shi a cikin shekara biyun farko na mayar da shi muharrami ga matar gida da 'ya'yanta, wanda hakan ke warware matsalar hijabi idan ya girma.

Binciken na cin lokaci, amma mai haƙuri shi ke dafa dutse. Duk wanda ya ce zai samo maka yaro cikin sauri idan ka biya kuɗi, ka guje shi. Ba mu manta da yaran Kano tara da 'yan sanda suka gano a Jihar Anambra a 2019 ba, bayan an sace su an sayar. Yaron da aka miƙa ba takarda, wataƙila akwai uwar da ke kukansa har yau.

Muna roƙon kowane kwamiti ya sabunta rajistar marayun unguwarsa kafin azumi mai zuwa. Allah Ya karɓi ayyukanmu, Ya jiƙan iyayen da suka rigaye mu, amin.