Ƙadangare Mai Gemu: Cimar Yaro Daban, Ta Babba Daban

A Turai da Amurka mutane kan yi kiwon wani ƙadangare cikin ɗaki kamar yadda muke kiwon tantabara. Asalinsa daga busassun yankunan Ostireliya ne, kuma danginsu ɗaya da jan gwadan da ke gyaɗa kai a katangunmu. Ana ce masa mai gemu saboda ƙayoyin maƙogwaronsa, da kan kumbura su yi baƙi in ya fusata.

Yana ƙarami, ƙwari ne cimarsa, gyare da fara, sau biyu ko uku a rana. Masu kiwo kan kiyaye kada girman ƙwaro ya wuce tazarar da ke tsakanin idanunsa.

Tsakanin wata 12 zuwa 18 girma yake tsayawa, to a nan ne akan yi ɓarna. Shi dai ba zai ƙi ƙwaro ba, maigida kuwa yana jin daɗin kallon farauta, sai ƙiba ta kama shi, kitse ya taru a hanta. Abin da ya dace da babba shi ne ganye kullum, da ɗan kabewa, ƙwari kuma sau biyu ko uku a mako. Alayyafo sai jefi-jefi, domin yana hana jiki amfana da sinadarin kalsiyam. Wannan sinadari akan barbaɗa garinsa kan ƙwarin, a kuma sa fitilar UVB, in ba haka ba ƙashi ya yi laushi, muƙamuƙi ya lanƙwashe.

Fiya da ƙwaron nan mai walƙiya da dare guba ne gare shi. Ƙwaron ko guda ɗaya yana iya kashe shi.