Ziyolait: Dutsen Da Ke Tace Iska A Asibiti, Ake Tallarsa A TikTok Da Sunan Maganin Tsawon Rai

Duk mai yawan hawa TikTok ko Instagram da wuya bai taɓa cin karo da bidiyon wani yana ɗiga ruwa a kofi ko zuba farin gari a cokali ba, yana cewa abin zai "wanke guba" daga jiki, ya ƙara ƙarfi, har ya jinkirta tsufa. A jikin kwalbar an rubuta "zeolite". Da zarar mutum ya kalli guda ɗaya har ƙarshe, manhajar za ta yi ta jero masa irinsa. Da yawa daga masu tallan kuma suna da lada a kan kowace kwalba da aka saya ta adireshin da suka liƙa.

Ziyolait ma'adini ne na gaske. Masanin duwatsu ɗan ƙasar Suwidin, Axel Cronstedt, shi ya raɗa masa suna a 1756, bayan ya ga tururi na fita daga dutsen idan aka zafafa shi. Sunan daga Girkanci yake, ma'anarsa "dutse mai tafasa". Cikinsa cike yake da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, waɗanda ke kama wasu sinadarai su bar wasu su wuce, kamar rariya.

Wannan siffa ce ta sa injiniyoyi ke ji da shi. Na'urar samar da iskar oksijin da ake jona wa marasa lafiya tana ɗauke da ziyolait: yana riƙe naitrojin, wanda shi ne kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa, sai oksijin mai ƙarfin sama da kashi 90 ya fito. Ana amfani da shi a matatun mai, a garin sabulun wanki, da wajen tace ruwa. Bayan haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan a 2011, an yi amfani da shi wajen kama sinadarin siziyom daga gurɓataccen ruwa.

A nan masu talla ke yin dabara. Sai su ce tunda yana tace ruwa, zai tace jini. Amma garin da aka haɗiya a hanji yake wucewa ya fita da bayan gida, ba ya zagaya jiki yana tsintar guba daga ƙashi ko ƙwaƙwalwa. Aikin tace jini na hanta ne da ƙoda. Nau'in da aka fi sayarwa, kilinoptilolait, an gwada shi a kan dabbobi da kuma mutane ƙalilan, kuma babu wani babban gwaji da ya nuna yana ƙara tsawon rai ko warkar da kansa.

Akwai kuma haɗari. Ziyolait da ake haƙowa daga ƙasa yakan zo da dalma ko asanik a jikinsa. Yana iya kama maganin da likita ya rubuta ya rage masa ƙarfi. Wani ɗan'uwansa mai zare-zare, eriyonait, ya haddasa kansar rufin huhu a ƙauyukan Karain da Tuzkoy na yankin Kapadokiya a Turkiyya, saboda shaƙar ƙurarsa. A Amurka, dokar 1994 ba ta wajabta wa hukumar FDA tantance irin waɗannan kayan kafin su shiga kasuwa ba.

Gubar dalma ta gaske an san yadda ake yi da ita. Lokacin da ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara a 2010, likitocin MSF sun auna jini, suka ba da magani na musamman a ƙarƙashin kulawa, aka kuma kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje.

Kafin a tura kuɗi, wayar da ta kawo tallan za ta iya taimakawa: a duba lambar rajistar NAFDAC a shafin hukumar, a tuna kuma rajista ba ta nufin an tabbatar da alƙawuran da ke jikin kwalba. Mai juna biyu, mai ciwon ƙoda, da duk wanda ke shan magani kullum, su fara tambayar likita. Wanda kuma ke zargin guba a jikinsa, gwajin jini ya kamata ya fara nema.