Kiwon Tururuwa A Gida: Makarantar Da Ba A Biyan Kuɗinta

Hausawa sun ce in tururuwa ta tashi lalacewa sai ta yi fiffike. Duk wanda ya taɓa zama kusa da fitila a Funtuwa ko Malumfashi, daren da aka yi ruwan shuka, ya ga dalilin wannan magana. Masu fiffike su kan fito ba iyaka, su yi ta kewaya haske, gari na wayewa a tarar da gawarwakinsu birjik a tsakar gida. To, amma mafi yawan waɗannan matattu maza ne, waɗanda aikinsu na duniya ya ƙare a daren. A cikin taron akwai mata, su kuwa gari suka fito kafawa. Wadda ta tsira daga bakin kwaɗo da ƙadangare ta kan karya fikafikanta da kanta, ta nemi rami ta shige, daga ita kaɗai a sami al'umma ta dubbai.

Muna so mu nuna wa masu karatu yadda za su kama irin wannan uwa, su yi kiwonta a gida, su ga kafuwar garin da idonsu. Kada wani ya ɗauka wasan yara muka kawo. Kudancin Jihar Katsina ƙasar noma ce. Tun zamanin Turawa aka san Funtuwa da Malumfashi da injin gurzar auduga, a 1975 kuma aka buɗe babban shirin raya aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, taki da masara suka yaɗu har Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Dandume. Yau da wuya ka shiga gona da damina ba ka ga mai goye da injin feshi ba, balle tun 2016 da baƙuwar tsutsar nan mai cin masara ta shigo Nijeriya daga nahiyar Amurka. Abin da ya dame mu shi ne, da yawa cikin masu feshin, a wurinsu ƙwaro duk ƙwaro ne. Wanda bai san abokinsa ba kuwa, wata rana zai kashe shi tare da abokin gāba, kuma da kuɗinsa.

Wace Tururuwa Mu Ke Nufi?

Kakanninmu sun rarrabe waɗannan halittu da sunaye, akwai tururuwa mai jidar hatsi, da kiyashi, da cinnaka, da gwano, da kwarkwasa. Wadda mu ke magana a kanta ita ce babbar nan mai dogayen ƙafafu da a kan tarar cikin gwangwanin sukari da dare. Turawa suna kiranta kafinta, watau masassaƙiya, masana kuwa suna kiran danginta Kamfonotus, sunan da wani masani na ƙasar Ostiriya, Gustav Mayr, ya raɗa musu a 1861. Irinsu ya fi dubu a duniya. A ƙasarmu an fi ganin mai ruwan zuma da ɗigo-ɗigo a ciki, wadda ke yawon dare, da wata baƙa mai sheƙin zinariya a bayanta, wadda ke yawo da rana tsaka. Ba su da ƙari irin na kunama ko rina. In an tsokane su cizo su ke yi, su fesa wani ruwa mai tsami a wurin, ya yi ɗan zafi ya wuce.

Sunan masassaƙiya ya sa waɗansu tsoronta, suna zaton za ta cinye musu rufin ɗaki. Ba ta cin itace. Inda ya jiƙe ya fara ruɓewa nan ta ke rarakewa ta yi ɗaki, ta watso dusar waje, da yawa daga na ƙasarmu ma cikin ƙasa ko ƙarƙashin dutse su ke zama. Mai cin itace ita ce gara, ta kuma kan lulluɓe hanyarta da laka. Gara dangin kyankyaso ce, tururuwa kuwa dangin rina da ƙudan zuma. Ga yadda a ke rabe su daren fitowa: shinge, watau gara mai fiffike, fikafikansa huɗu tsawonsu ɗaya, jikinsa kuma sambal ba ƙugu. Tururuwa tana da matsattsen ƙugu, ƙahonninta biyu a tanƙware su ke kamar gwiwar hannu, fikafikan gaba kuma sun fi na baya tsawo.

Kamun Uwa

Lokacin kamu shi ne farkon damina, daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni, bayan ruwa mai ƙarfi. A duba gindin bango kusa da fitila, ko a fita da sassafe. A nemi wadda ta riga ta zubar da fikafikanta, tana tafiya ita kaɗai kamar mai neman abin da ya ɓace. Tsawonta ya fi rabin inci, ƙirjinta ya fi na sauran kauri, in aka lura kuma za a ga tabon fikafikan a gefensa. Kada a ɗauke ta da yatsa, a kara mata takarda ta hau. Kada kuma a wahalar da kai da tonon gidan da ya riga ya kafu, don ma'aikata ba tare da uwa ba, komai yawansu, ƙarewa za su yi ɗaya bayan ɗaya.

Ɗakinta na fari ba ya cin kuɗi. A sami siririyar kwalba, irin ta gwaji ta makaranta ko ta magani wadda aka wanke sarai. A zuba ruwa mai tsabta kashi ɗaya cikin uku, a cusa auduga har ta taɓa ruwan ta yi danshi, amma kada ruwan ya ɓullo. A sa uwar, a toshe bakin da busasshiyar auduga don iska ta riƙa shiga. Ko da ya ke muna ƙasar auduga, a yi amfani da ta kantin magani, don ta gona mai yiwuwa ta sha feshi. Sa'an nan a naɗe kwalbar da takarda, a kwantar da ita cikin akwati inda duhu ya ke.

Wata Biyu Na Haƙuri

A nan ne mafi yawan masu farawa ke faɗuwa, don aikin da ya rage shi ne a ƙyale ta. Ba ta bukatar abinci. Naman ƙirjinta, wanda dā ya ke kaɗa fikafikai, shi ne ke narkewa a jikinta, da shi ta ke rayuwa, da shi ta ke ciyar da 'ya'yan fari. Barbara ɗaya da aka yi mata daren fitowa ta ishe ta har iyakar ranta. A leƙa sau ɗaya a mako, a mayar a rufe. In aka dame ta da haske da girgiza, ta kan cinye ƙwanta.

Ƙwai ya kan zama tsutsa, tsutsa ta saƙa wa kanta 'yar jaka ta kwanta a ciki. Wannan jakar ce mutane ke kira ƙwan tururuwa in sun ga ana gudu da ita. Bayan mako shida zuwa takwas, gwargwadon ɗumin wuri, ma'aikata na fari za su fito, ƙanana, biyar ko goma. Dukansu mata ne. A kan kira uwar sarauniya, amma mai kiwo zai ga ba ta ba kowa umurni, aikinta ƙwai. Sai gari ya yi ƙarfi a ke fara ganin manya masu ƙaton kai, masu tsaron ƙofa.

Mu kanmu mun ci tuwon rashin haƙuri. Uwa uku muka kama a wani gida a Funtuwa. Ta fari mun ɗora kwalbarta a taga don mu riƙa kallo, rana ta faɗa kanta, kafin la'asar ta mutu. Ta biyu ta kai ga 'ya'ya bakwai, sai wani dare aka fesa fiya-fiya a ɗakin saboda sauro, ba wadda ta kwana. Ta uku, da muka mayar zaure muka manta da ita kwana da kwanaki, ita ce ta kafa gari.

Ci Da Sha Da Muhalli

Da zarar ma'aikata sun fito, sai a fara ciyarwa. Abincinsu iri biyu ne. Manya zaƙi su ke so: ɗigon zuma, ko sukari cokali ɗaya cikin ruwa cokali uku, a jiƙa 'yar auduga da shi don kada su nutse. Tsutsotsi kuwa nama su ke bukata: ƙafar fāra, ko gara, ko ƙuda, sau biyu a mako, daga wurin da ba a yi feshi ba. Abin da ya rage a kwashe shi washegari, don fumfuna na kashe gari. Hatsi ba abincinsu ba ne, wannan sana'ar 'yar'uwarsu ce mai rumbu a ƙasa.

A wurin ciyarwa za a ga abin mamaki. Wadda ta sha ruwan sukari ba cikinta kaɗai ta cika ba. Tana da wata jaka ta ajiya a jikinta, in ta koma gida sai ta haɗa baki da 'yan'uwanta ta ɗura musu, su ma su ɗura wa na gaba, har ya kai ga uwa.

In sun kai ashirin ko talatin, a buɗe bakin kwalbar a ajiye ta cikin roba mai zurfi, a shafa hoda a gefen robar ta ciki daga sama don santsi ya hana su fita. In sun ƙara yawa, a yi musu gida irin wanda John Lubbock na Ingila ya yi amfani da shi: gilashi biyu a kwance, da 'yar tazara tsakaninsu, a cika da ƙasa mai danshi, a rufe gefuna da katako a bar ƙofa guda, a yafa ƙyalle a kai. Wannan mutum ya riƙe uwa guda daga 1874 har 1888. Saboda haka wanda zai fara ya san amana ce ta shekaru ya ɗauka.

Littattafan Turawa sun ce a sa su wuri mai sanyi su yi barcin hunturu. Wannan na tururuwar ƙasarsu ne, tamu ba ta bukata. Abin tsoro a nan shi ne bushewar hunturu, lokacin da ruwan kwalba ke ƙafewa da sauri, sai a haɗa musu sabuwa su ƙaura da kansu. Sai kuma zafin bazara a Maris da Afrilu, musamman ƙarƙashin rufin kwano, sai a sauko da su ƙasa kusa da randa. A nisanta su da maganin sauro, da ɗakin da aka ajiye hatsi mai magani. Kiyashi kuma abokin gābarsu ne, a sa ƙafafun tebur cikin gwangwanaye masu ruwa.

Abin Da Gona Za Ta Samu

Wanda ya shekara yana kallon wannan gari, in ya shiga gona idonsa ya canja. Ba za mu ce masa tururuwa alheri ce zalla ba. Masassaƙiya makiyayiya ce, shanunta su ne ƙananan ƙwarin nan masu kawo darɓa a ganyen dawa da wake da auduga. Tana shafa su da ƙahonninta su fitar da ruwa mai zaƙi ta sha, ita kuma ta kore musu maƙiya. Amma dangin tururuwa su ne kuma ke kwashe ƙwan ƙwari da ƙananan tsutsotsi, suna haƙa ƙasa iska da ruwa su shiga. A 2022 waɗansu masana sun tattara bincike 52 a kan amfanin gona iri 17, suka ga tururuwa na rage ƙwari masu cin ganye, tana ƙara yabanya, sai dai inda ta ke masu darɓa su kan ƙaru. Ke nan manomin da ya ga jerin tururuwa na hawa karan dawarsa, ya juya ganyen ya duba, ta nuna masa inda ciwon ya ke tun bai yaɗu ba. Sai ya yi maganin wurin kaɗai, kuɗinsa ya huta, sauran gonar ta huta.

Har yanzu masana ba su gama karatun wannan halitta ba. A 2024 aka bayyana cewa wata masassaƙiya ta Amurka, in 'yar'uwarta ta ji rauni a cinya, ta kan gutsure ƙafar don kada cuta ta shiga jiki, mafi yawan waɗanda aka yi wa haka kuma suna rayuwa. Da ido da haƙuri aka gano wannan, su kuwa ba a Turai kaɗai a ke samunsu ba. Muna roƙon malaman makarantunmu na Funtuwa da Malumfashi su ajiye kwalba guda a aji, yara su riƙa rubuta ranar ƙwai da ranar fitowa. Daga irin waɗannan yara ne cibiyar binciken aikin gona ta Samaru za ta sami ma'aikatan gobe.

Gargaɗi ɗaya ya rage. Kiwon tururuwa ya zama kasuwa a ƙasashen waje, har a 2025 wata kotu a Kenya ta ci waɗansu samari biyu 'yan Beljiyam tara, bayan an kama su da uwayen tururuwa wajen 5,000 za su fita da su. Mu dai a kama ɗaya ko biyu a ƙofar gida, kada a sayo baƙuwa daga wata ƙasa, wanda ya gaji kuma ya mayar da su inda ya ɗauko. Halittar da aka sa wa sura guda sunanta a cikin Alƙur'ani mai girma ta cancanci a riƙe ta da tausayi. A tanadi kwalba da auduga tun ruwa bai sauka ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.