Daɓen katako a cikin birnin Kano: Yadda ake yi da abin da ke ɓata shi

Mai gidan da ya shimfiɗa katako a ƙasan ɗakinsa a cikin birnin Kano a watan Janairu zai iya wayar gari a watan Agusta ya tarar tsakiyar ɗakin ta yi tozo, har ƙofa ta ƙi buɗuwa.

Abin da ke jawo haka shi ne katako yana shan danshin iska ya kumbura da damina, ya kuma bushe ya tsuke da hunturu.

A Kano, danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 a tsakiyar rani, sannan ya haura kashi 70 a watan Agusta. Saboda haka duk wata dabara ta shimfiɗa katako a wannan gari tana komawa ne ga tambaya ɗaya: ina katakon zai motsa idan damina ta zo?

Daga daɓe zuwa katako

Ginin Hausa na gargajiya bai san katako a ƙasan ɗaki ba. A manyan gine-gine irin su Gidan Rumfa da Gidan Makama, waɗanda asalinsu ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, wurin itace a sama yake.

Magina kan yi rufi da azara, wadda ake tsagowa daga giginya, saboda gara ba ta cinta da sauƙi.

Ƙasan ɗaki kuwa aikin mata ne. Sukan baza marmara ko tsakuwa, su yayyafa ruwa, su yi ta duka da madaɓi suna waƙa, sannan su shafe da makuba da ake jiƙowa daga ɓawon ɗorawa.

Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, siminti da kwano da katakon kudu suka fara shigowa da yawa. Sannu a hankali siminti ya maye gurbin daɓe, aka bi shi da leda da kafet, daga baya kuma tayil.

A Turai labarin daban ne. A fadar Versailles ta Faransa, an koma daɓen katako a 1684 domin wanke marmar da ake yi kullum yana ruɓar da itatuwan da ke ɗauke da benen.

Harshe da gurbi

Katakon da ake wannan aiki da shi, wanda kafintoci ke kira T&G, yana da siririn harshe a gefe ɗaya, da gurbi a ɗaya gefen. Harshen wannan ne ke shiga gurbin na kusa da shi, har ɗakin ya haɗe ya zama shimfiɗa guda.

Amfanin haka biyu ne. Katakan suna riƙe juna, kuma idan suka tsuke da rani harshen yana rufe ɓarakar da ta buɗe.

Irin itacen ma yana da muhimmanci. Loko, wanda aka fi sani da iroko, yana jure gara da danshi, haka ma tik. Farin katako mai laushi irin su obeche ya fi araha, amma ƙwari na saurin shigarsa.

A kasuwannin katako irin ta Na'ibawa, yawancin kayan daga dazuzzukan kudancin Nijeriya suke zuwa, inda iska ta fi danshi. Katakon da bai gama bushewa ba zai ci gaba da tsukewa bayan an kafe shi.

Shirya ƙasa

Ba a ɗora katako kai tsaye a kan daɓen ƙasa. Sai an zuba kankare ko siminti a kan leda mai kauri wadda za ta tare danshin da ke tasowa daga ƙasa.

Siminti kuma yana buƙatar lokaci. Ƙa'idar da magina suka saba bi ita ce kwana ɗaya ga kowace milimita ɗaya ta kauri, wato mai kaurin santimita biyar zai ɗauki kusan wata biyu.

Akwai gwaji mai sauƙi. A manna leda a kan simintin, a liƙe gefunanta, a bar ta ta kwana. Idan aka ga raɓa a ƙarƙashinta, ƙasan bai bushe ba.

Haka kuma sai ƙasan ya daidaita. Idan aka ɗora miƙaƙƙen katako mai tsawon mita biyu, bai kamata tudu ko kwari ya wuce milimita uku ba.

Kazalika, a nan ne ake zuba maganin gara, a ƙasa da gindin bango, domin bayan an rufe ɗakin ba za a ga hanyarta ba sai ta gama ɓarna.

Shi ma katakon ana jera shi a cikin ɗakin na mako ɗaya ko biyu, da 'yan sanduna a tsakani domin iska ta ratsa, har ya saba da yanayin wurin. Akan ƙara kashi 10 cikin 100 a kan awon ɗakin saboda abin da zarto zai ci.

Hanyoyi uku

Hanya ta farko ita ce ƙusa. Ana kafe sandunan tu-bai-tu a kan simintin, da tazarar santimita 30 zuwa 40, sannan a jera katakan a gicciye a kansu.

Layin farko gurbinsa ke fuskantar bango. Ana buga ƙusa a karkace ta saman harshen, yadda katako na gaba zai rufe kanta. Ba a dukan harshen da guduma kai tsaye, sai an kara wani guntun katako.

Hanya ta biyu ita ce manna katakon a kan simintin da gam mai taushi, wanda ba ya ƙandarewa. Wannan ta fi dacewa da ɗakin da ƙofarsa ba ta da tsawo, domin ba ta ɗaga ƙasa da yawa.

Ta uku kuwa ba a kafe komai. Ana shimfiɗa leda da siririn soso, katakan su riƙe juna kawai. Ana yin ta ne da katakon masana'anta mai falle-falle, ko kuma laminet, wanda kamfanin Perstorp na Sweden ya ƙirƙiro a 1977.

A dukkan hanyoyin, ba a barin ƙarshen katakan layi biyu su haɗu a wuri ɗaya. Akan gusa mahaɗar da aƙalla santimita 15.

Tazarar da ke ceton ɗaki

Ana barin tazarar milimita 10 zuwa 15 tsakanin katako da bango ta kowane gefe, a rufe ta da siririn katakon da ake kewaye gindin bango da shi.

Sai dai a Kano wannan ba lalle ta wadatar ba. Ɗaki mai faɗin mita huɗu yana cin katako 40 masu faɗin santimita goma. Idan kowanne ya kumbura da milimita ɗaya kacal, ɗakin ya ƙaru da santimita huɗu ke nan.

Don haka wanda ya yi aikin da hunturu sai ya riƙa barin 'yar ɓaraka bayan kowane layi huɗu ko biyar. Wanda ya yi da damina kuma ya matse sosai, domin ɓaraka za ta buɗe da kanta idan rani ya yi. Katakon masana'anta ya fi zallan itace jure wannan sauyi.

Matsalar tsofaffin gidaje

A unguwannin da ke kusa da Jakara da tsofaffin kududdufai, danshi yana kusa da saman ƙasa. A lunguna da dama kuma hanya ta fi ƙasan ɗaki tudu, abin da ke sa ruwan sama ya kwararo ciki.

Bugu da ƙari, daɓen gargajiya yana barin danshi ya fita. Idan aka toshe ƙasan gidan ƙasa da leda da siminti, danshin kan koma cikin bangon tubali, ya riƙa cin gindinsa. Wannan haɗari ne ga ginin baki ɗaya, kuma ya kamata magini ya duba shi tun kafin kafinta ya fara awo.

Amfanin yau da kullum ma abin dubawa ne. Ruwan alwala da wankin ɗaki da bokiti suna ɓata katako, don haka zaure da madafa da bakin banɗaki ba wurarensa ba ne.

Inda ya fi daɗewa shi ne ɗakin bene ko ɗakin kwana mai tudu, wanda ake sharewa a goge da tsumma mai ɗan danshi. Zallan katako da aka shimfiɗa a irin wannan wuri yana iya kai shekaru masu yawa, kuma idan fuskarsa ta dushe ana goge ta da samfefa a sake shafa mata mai.